Daga Roba-Roba Zuwa Mai Ƙafa Huɗu: Abin da Mai Babur Ya Kamata Ya Sani

Yau zancen babur za mu yi. Ina gaida 'yan acaɓa da 'yan kabu-kabu, ina gaida bakanikai da ke sauraronmu hannu duk baƙin mai, da malaman makaranta, da manoma masu ɗora buhu biyu a baya su nufi kasuwar ƙauye. Za mu ɗauki kamfani guda na ƙasar Japan, wato Honda, mu bi sawun injuna uku da ya ƙera. Biyu daga ciki kun san su ko da ba ku san sunansu na asali ba. Na ukun kuma, mai manyan tayoyi, yanzu yake shigo mana, kuma shi ne dalilin da ya sa nake so iyaye su matso kusa da rediyo.

Bari mu fara da lambar nan da ake rubutawa a jikin babur: 50, 100, 110, 125. Wasu na ɗauka gudu take nunawa. A'a, faɗin cikin injin ne, wato wurin da fistan ke kai-kawo, ana auna shi da abin da ake kira cc. Ledar ruwan nan ta fiya-wata tana ɗaukar cc 500. To injin 125 kashi ɗaya ne bisa huɗu na ledar, injin 50 kuwa kashi ɗaya bisa goma. A ɗan wannan wuri ake ƙona man da ke jan mutum da matarsa da 'ya'ya biyu da buhun masara.

Mai kamfanin, Soichiro Honda, an haife shi a 1906 kusa da birnin Hamamatsu. Mahaifinsa maƙeri ne mai gyaran kekuna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Japan ta durƙushe, jiragen ƙasa cike maƙil, mutanen birni na taka keke zuwa ƙauye neman abinci. A 1946 Honda ya samu wasu ƙananan injuna kimanin 500 waɗanda soja suka bari, da su ake ba rediyon oba-oba wuta. Sai ya riƙa ɗaura su a jikin keke. Matarsa ce ta gwada masa na farko-farko, ta dawo tufafinta duk feshin mai, ya koma ya gyara kabireto. Da injunan suka ƙare sai ya ƙera nasa, a 1948 kuma ya kafa kamfanin da muka sani yau. Shekara guda bayan haka wani mutum mai suna Takeo Fujisawa ya shigo. Honda ya iya ƙarfe, Fujisawa ya iya kuɗi da kasuwa, kowa ya tsaya a fagensa.

A ƙarshen 1956 su biyun suka zaga Turai suna kallon ƙananan baburan da ake hawa a can. Fujisawa ya dawo da buƙata guda: yana son babur da kowa zai iya hawa, har wanda bai taɓa riƙe kan babur ba, har mace da doguwar riga. A biranen Japan akwai yara masu kai taliya gida-gida, tire a hannu ɗaya, kan keke a ɗaya hannun. Su aka sa a gaba. Shi ya sa aka cire kulocin hannu gaba ɗaya, aka sa wanda ke kama kansa idan inji ya ɗauki gudu, ya saki idan ya lafa. Kai dai ka taka giya da ƙafa. Aka ɓoye tankin mai a ƙarƙashin kujera, aka bar fili a tsakiya yadda za a ratsa ƙafa ba sai an ɗaga ta sama ba. Aka sa taya mai inci 17, domin a lokacin yawancin hanyoyin Japan ba kwalta, ƙaramar taya irin ta Vespa rami zai haɗiye ta. Aka rufe sarƙa cikin akwati saboda ƙura. Gaban ƙafa kuma aka kare shi da roba maimakon ƙarfe, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

A watan Agustan 1958 aka fitar da shi da sunan Super Cub. Injin cc 49, ƙarfin doki huɗu da rabi. Fujisawa ya ce zai sayar da 30,000 kowane wata, alhali duk kamfanonin Japan a haɗe abin da suke sayarwa bai wuce kimanin 40,000 ba. Aka ɗauke shi mai cika baki. Bayan shekara biyu sai da aka gina sabuwar masana'anta a Suzuka saboda wannan babur. A 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100, kuma babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kai wannan yawa. Wanda muke kira roba-roba, wanda malamai da ma'aikatan asibiti da mata a Maraɗi da Zinder ke hawa, jikansa ne, ko da sunan wani kamfanin Caina ne a jikinsa. Shi ɗan 50 ɗin na asali ya zo ƙarshe a 2025, saboda sabuwar dokar hayaƙi a Japan ta fi ƙarfin ƙaramin injinsa, amma 110 da 125 suna nan.

Akwai wani zaɓi da Honda ya yi wanda ya shafi aljihunku har yau. A wancan zamani kusan duk ƙananan babura irin injin nan ne mai ƙona fetur haɗe da baƙin mai, mai ƙarar tsiya da shuɗin hayaƙi. Dattawa za su tuna Suzuki da Yamaha 100 na zamanin kuɗin Udoji, a tsakiyar shekarun 1970. Irin wannan inji yana da sauƙin ƙira da zafin tashi, amma akwai shan mai. Honda ya nace wa mai bugu huɗu: fistan ya sauka ya zuƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su ƙone su tunkuɗa shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. A irin wannan, baƙin mai ba ƙonewa yake ba, a ƙasan inji yake zaune yana zagayawa. Sauƙin shan fetur ke nan. Amma fa nauyi ya dawo kan mai babur, domin man da ba ya ƙonewa dole a juye shi.

Wannan batun juye mai shi ne ya haifi inji na biyu. A farkon shekarun 1970 Honda na da babur ɗan 125 mai kyau, amma a ƙasashe masu tasowa sai ya riƙa mutuwa da wuri, masu ƙona mai haɗe suna cinye masa kasuwa. A watan Mayun 1974 kamfanin ya tura ma'aikata biyu, Takeshi Inagaki da Einosuke Miyachi, suka yi kimanin wata guda suna zaga Tailan, Malesiya, Indunusiya, Filifin, Iran da Pakistan. Abin da suka gani, malam mai saurare, da a Kano ko Sakkwato suka sauka shi za su gani. Mutum huɗu a kan babur ɗaya. Kaya har sama. Baƙin mai ya yi kauri ya ƙafe ba a juye ba. Matatar iska ta toshe da ƙura. Ba a kai babur wurin bakanike sai ya tsaya cak.

Abin da ya burge ni, ba su koma gida suka rubuta cewa mutanen nan ba su da kula ba. Injin suka sake wa tsari. A tsohon, ƙarfen da ke buɗe bawul yana can saman kan inji, sai famfo ya tura mai har can. In man ya yi datti ko ya yi ƙasa, saman ne ke fara bushewa ya cinye kansa. Sai suka sauko da ƙarfen ƙasa kusa da inda mai yake kwance, suka sa 'yan sanduna biyu suna miƙa turi zuwa sama. Suka sa matatar iska ta soso wadda za a wanke a mayar. Suka tsawaita kujera, suka ƙarfafa firam. A 1975 aka fitar da shi da sunan CG125, shekara guda bayan haka aka fara ƙera shi a Manaus ta ƙasar Barazil, kuma a Pakistan har yanzu ana yin sa. Kamfanonin Caina suka kwaikwayi injin ba adadi. Bakanike da ke sauraro na ya san abin da nake faɗa: in ya ce wa yaronsa ya sayo masa kayan CG, bai damu da sunan da ke jikin tanki ba.

A Najeriya Honda ya kafa kamfaninsa tun 1979, masana'antar tana Ota a jihar Ogun. Amma da darajar naira ta faɗi, sabon babur ɗan Japan ya fi ƙarfin talaka. Na Caina suka cika kasuwa da araha, sannan Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya zo ya zama dokin 'yan acaɓa. A 2011 Honda ya yunƙuro da Ace 125, wanda aka tsara musamman don masu haya, a kan kimanin naira 100,000 a lokacin. Ba talla nake wa kowa ba. Kowanne ka saya, abin da zan faɗa yanzu ya shafe ka.

An yi injin nan ya jure wa sakaci, sai muka mayar da juriyar tasa izini. A ƙaramin babur, man da ke ciki bai wuce lita guda ba, kuma shi kaɗai ke yi wa inji da giya da kuloci aiki. Yawancinsu ba su da matatar mai ta takarda irin ta mota, 'yar raga ce kawai da wani ɗan kofi mai juyawa da ke tara dauɗa. Ba kuma ruwa ke sanyaya su ba, iska ce da man. Saboda haka ɗan acaɓa da ke wuni a cunkoso cikin zafin watan Afrilu, mansa ya fi na kowa saurin mutuwa. Ka duba sandar awo da safe kafin ka tayar, babur a tsaye sak. Ka juye a kan lokacin da littafin babur ya faɗa, lokacin hunturu da ƙura ma ka gaggauta. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba ka san daga wace durom ya fito ba, arahar tasa a wurin mai gyaran ringi za ka biya ta. Wani man mota kuma yana da sinadarin santsi da ke sa kulocin babur zamewa, don haka ka nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan.

Matatar iska kuma, ina roƙon bakanikai, a daina cire ta a jefar wai don babur ya ƙara numfashi. Ƙurar da ta shiga ita ke goge silinda. A wanke soson, a bar shi ya bushe, a ɗan shafa masa mai a matse, a mayar. Sarƙa kada ta yi tsauri kada ta yi lako-lako, wasan yatsa biyu ya isa. Gyaran bawul sai inji ya huce. Birki kuwa, ku tuna an auna shi ne da nauyin mutum biyu. Inji zai yarda ya ja mutum huɗu, shi ya sa muke ɗauka ba matsala, amma birkin bai ƙaru ba, tayar ma haka.

Jama'a, idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan ƙananan baburan Honda da abin da tarihinsu ke koya wa mai hawa. Yanzu sai inji na uku.

A 1967 dillalan Honda a Amurka suka kai kuka. Da sanyi ya shigo, ƙanƙara ta rufe hanya, ba mai sayen babur, shaguna sai su zauna ba ciniki. Suka nemi a ƙera musu abin da za su sayar a wannan lokaci. Wani injiniya mai suna Osamu Takeuchi ya gwada mai ƙafa biyu, uku, huɗu, har shida, ya tsaya a kan uku: ɗaya gaba, biyu baya. Ba adaidaita-sahu nake nufi ba. Wannan hawansa ake yi kamar babur, ga wasu tayoyi masu kumburi da taushi da ke bi ta kan yashi da taɓo da ƙanƙara ba su nutse ba. A 1970 ya shiga kasuwa, injin cc 89, dala 595. Daga baya aka san shi da ATC90. Shekara guda bayan fitowarsa ya bayyana a wani fim na James Bond ana tsere da shi a hamada, ya ƙara farin jini. Manoma da makiyaya suka gano yana zaga gona da ɗan mai kaɗan, ya shiga inda tarakta ba ta shiga. A 1982 aka yi musu Big Red, mai wurin ɗaura kaya gaba da baya.

Ga inda matsalar take. Babur mai ƙafa biyu, kowa ya san zai iya kayar da shi, don haka ba a miƙa wa yaro sai ya koya. Wannan kuwa yana tsaye da kansa. Uba ya dube shi ya ga ba ya faɗuwa, sai ya ɗora ɗansa ɗan shekara takwas. Alhali a kwana, ya fi babur wuyar sarrafawa nesa ba kusa ba. A mota akwai wani haɗin giya a tsakiyar aksil ɗin baya da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu idan an sha kwana. Wannan ba shi da shi. Sandar ƙarfe guda ce ta haɗa tayoyin baya, dole su juya daidai wa daida. Ka karya kai dama, shi yana son ya miƙe. Kafin ya juya sai mai tuƙi ya taka matakin waje da ƙarfi, ya karkato da ƙirjinsa ciki, ya rage wa tayar ciki nauyi har ta ɗan zame. Yaro mai nauyin kilo 25 ba shi da jikin da zai yi wannan. In kuma an shiga kwanar da gudu, sai injin ya kife ta gefen gaba inda babu taya, ya bi mai shi ya danne.

Haɗurra suka yi yawa a farkon shekarun 1980. Ɗaruruwan mutane suka rasu a Amurka cikin 'yan shekaru, kaso mai yawa yara ne 'yan ƙasa da 16. Hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar ta sa baki, ma'aikatar shari'a ta shigar da ƙara. A 1988 kamfanoni biyar, Honda, Yamaha, Suzuki, Kawasaki da Polaris, suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar shekara goma: an daina sayar da sabon mai ƙafa uku, za a koyar da masu saye tuƙi kyauta, kuma duk injin da ya wuce cc 90 ba na ɗan ƙasa da shekara 16 ba ne. Yarjejeniyar ta ƙare a 1998, amma ba wanda ya koma ƙera shi a cikinsu.

Mai ƙafa huɗu ne ya gaje shi. Suzuki ya riga sauran kamfanonin nan a 1982, Honda ya biyo a 1984, a 1986 kuma ya fitar da wanda duk tayoyin huɗu ke ja. Ya fi mai uku zama daram, ba musu. Sai dai da yawansu har yanzu sandar baya guda ce, ga tudu, ga nauyin da kan kai kilo 250 ko fiye a manyan na gona. A Ostareliya ya daɗe yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a gonaki, yawanci ta hanyar kifewa ya danne ƙirji, mutum shi kaɗai a daji ba mai ɗaga masa. Gwamnati ta ce daga Oktoban 2021 sai an sa wa kowane sabo na aiki wani ƙarfe a baya da zai tokare ƙasa in ya kife. Honda ya ce bai gamsu da amfanin ƙarfen ba, ya gwammace ya daina sayar da su a ƙasar. A ganina manoman da suka goyi bayan dokar sun fi kamfanin hujja, domin su ne suke binne 'yan'uwansu.

Me ya kawo wannan zance gidan rediyonmu? Saboda masu ƙafa huɗun sun fara shigowa, tsofaffi daga Turai da Amurka da sababbi ƙanana daga Caina. Ana ganin su a wuraren wasan yara lokacin salla, a manyan gonaki, da hannun samari ranar ɗaurin aure. Alhaji, in ka saya wa ɗanka, ka saurari waɗannan. Doguwar kujerar nan ba ta goyo ba ce, an yi ta ne don mai tuƙi ya matsa gaba a hawan tudu, ya ja baya a gangara. In ka ɗora ƙaninsa a baya ka hana shi motsin da zai cece su. Ba a yi shi don kwalta ba, a kan yashi tayar ciki na samun zamewa, a kan kwalta kuwa kamawa take, injin ya ɗaga ƙafa. Kada a ratsa gangara a kaikaice. Toturinsa da babban yatsa ake dannawa, yaron da ya firgita kuma damƙe hannu yake yi, sai ya ƙara wuta maimakon ya rage. Ƙananan na yara suna da wani noti a jikin totur da ake ɗaurewa don rage gudu, a neme shi a ɗaure.

Sai iskar taya, wadda masu faci ya kamata su ji da kyau. Tayar babur na shan awo 25 zuwa 30 da 'yan kai. Ta wannan injin ba ta wuce 3 zuwa 5 a mafi yawansu, ma'aunin da ke hannunku ma ba ya karanta ta. In aka bugo mata iska irin ta babur sai ta zama ƙwallo, injin ya riƙa tsalle. In ɗaya ta fi ɗaya kuma, zai riƙa fizgar kai gefe guda. Akwai ƙaramin ma'auni na musamman da ke zuwa da shi, in babu a cikin akwatin kayan aikinsa a saya.

Ko mai ƙafa biyu ko mai huɗu, akwai hular kwano. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta ta a ranar 1 ga Janairun 2009, wasunmu ƙwarya suka kifa a ka, har kafafen labaran duniya suka ɗauka ana dariya. Ma'aikatan sashen haɗari na asibitocinmu ba su yi dariya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa cewa hula mai inganci na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, mummunan raunin kai kuma da kusan kashi 70. Sharaɗin shi ne a ɗaure igiyar a haɓa, domin wadda ba a ɗaure ba ita ke riga mai ita isa ƙasa. Hular magina ta roba ba ita ba ce. Wadda ta taɓa shan mummunan bugu kuma ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba, farin soson cikinta sau ɗaya yake matsewa. Mai cewa zafi, akwai mai buɗaɗɗiyar fuska. Mai ƙyamar sa wadda wani ya sa, ya ɗora ta a kan hularsa ko ɗankwali.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu gayyato bakanike cikin ɗakin nan ya amsa tambayoyinku a kan kabireto da shan mai, don haka a fara aiko su tun yanzu. Allah ya kiyaye hanya.